Waƙar da Baffa Sale Ya Dawo da Ita Daga Kurmi

Ranar wata Alhamis ce cikin kaka, shekarar da aka yi canjin kuɗi, wadda jikokina 'yan boko suka lissafa suka ce 1984 ce. Hantsi ya ɗaga, tsakar gidanmu cike da dammunan dawa da ba a kai rumbu ba tukuna, kaji na ta wadaƙa a gindinsu, ni kuwa ina durƙushe a gaban dutsen niƙa da zanina ɗaure a ƙugu, ina niƙa jar dawa ta tuwon dare. A lokacin ban wuce shekara goma sha ɗaya ba, amma duk unguwarmu babu yarinyar da garinta ya kai nawa laushi, wannan kuwa ba yabon kai ba ne, waɗanda suka ci suna nan da ransu. Akwai injin niƙa a bakin kasuwa, sai dai kakata Iya ta rantse garin inji warin mai yake yi, ba za ta sa shi a bakinta ba. Ina cikin niƙan sai muka ji sallama daga zaure da wata siririyar murya. Iya, wadda ke yankan kuɓewa a bakin rumfa, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Daso ce. Ai na san dawa ba za ta shiga rumbu ba sai ta zo."

Inna Daso wata dattijuwar Bafillatana ce doguwa, daga wata ruga can wajen Zoza, mu kuwa ƙauyenmu yana ƙasar Kurugu. Sau ɗaya take zuwa gidanmu a shekara, da ƙwaryar kindirmo a ka da curin man shanu a cikin ƙoƙo, kuma ba sayarwa take kawowa ba. Ita da Iya ba sa haɗuwa sai an taɓa wasa. Ranar ma tana sauke ƙwarya Iya ta leƙa ta ce, "Bafillatana, yau ma ruwan rafi kika kawo mana da ɗigon nono?" Ita kuwa ta gyara mayafi ta ce, "Kaɗo, ai ko ruwan wanke ƙwaryata ya fi ƙarfin bakinki." Suka yi dariya, aka shiga gaisuwa, ana tambayar shanu da maruƙa da ciwon gwiwa da mutanen ruga ɗaya bayan ɗaya. Amma kowa a gidan ya san ba don Iya ta sammako ba. Wajen Baffa Sale ta zo.

Baffa Sale ƙanen mahaifina ne, autan Iya. Tun kafin a haife ni ya shiga soja, ya yi yaƙin basasa a kurmi, ya dawo da yatsu uku a ƙafar hagu da shirun da ba a san shi da shi ba. An ce da can shi ne sarkin barkwanci a dandali, ni dai ban tarar da wannan mutumin ba. Wanda na sani ba ya zama majalisa, ba ya zuwa biki, ba ya sa takalmi ko da kuwa cikin ƙaya zai bi. In maharba suka buga adaka ranar Salla, sai ka gan shi ya dafe bango, idonsa ya yi ja, sai an jima ya saki. Ɗakinsa na jikin zaure, gonarsa kuwa can nesa bakin fadama, inda yake noman rake da rogo da 'yar dawa, shi kaɗai. Ba shi kaɗai ya tafi yaƙin ba. Ya tafi da wani abokinsa makiyayi, wanda suka saba tun suna haɗuwa a mashaya, ɗan farin Inna Daso. Baffa ya dawo, abokin bai dawo ba, kuma babu takarda, babu saƙo, babu wanda ya ce ya ga gawarsa.

To, a nan al'ada ta shigo. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Mu ma Hausawa muna wannan kunyar, amma ta Fulani ta fi tamu tsanani: ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye, ko rasuwa ya yi ba ta kuka a gani. Mutane kuma don kara ba sa ambaton sunan a gabanta. A gidanmu "abokin tafiyar Sale" ake ce masa, da wannan sunan na tashi na san shi, ban taɓa jin wani ba. Saboda haka duk shekara abu ɗaya ake yi. Inna Daso za ta je bakin ɗakin Baffa ta tsuguna, ta kau da kai gefe, ta ce, "Sale, ya gajiyar hanya?" Shekara goma sha huɗu da dawowarsa tana yi masa barka da gajiya. Sannan ta ce, "Ko an ji labarin abokin tafiya?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun rabu a wata mararraba, Inna. Allah ne masani." Ta ce, "To, Allah ya sa mu ji alheri." Shi ke nan, sai baɗi. A rugarsu ba a yi masa addu'ar mamaci ba, don ba a ce ya mutu ba, shanunsa kuma na nan ana kiwo suna ta haihuwa, ta hana a taɓa ko ɗaya. An ce in baƙo ya doso ruga daga kudu, ita ce ke fara miƙewa.

Ni a lokacin duk wannan bai dame ni ba, harkar gabana nake yi. Da asuba mu ɗebo ruwa a rijiya, mu cika randuna, mu share tsakar gida, a yi surfe, a kai awaki bayan gari a ɗaure. Da kaka mu je kalar gyaɗa da tsintar auduga, mu dawo ƙafa duk ƙaiƙayi, da yamma mu baje a ƙofar gida muna 'yar carafke da 'ya'yan tsamiya, ko mu ja da'ira a yi gaɗa, ni ke bayarwa sauran na amshi. Ba a sa ni boko ba, wana Audu aka sa, amma kullum ina bakin makarantar da farantin dafaffiyar gyaɗa ina jiran a fito tara. Ta taga nake jin abin da ake biya musu, kafin a tashi na haddace, shi kuwa Audu sai ya sha bulala bai riƙe ba. Allah ya ba ni kunne, abin da na ji sau ɗaya ya zauna. Zamanin mulkin soja ne, yaran makaranta kullum da safe sai sun yi fareti a fili, ƙirji a gaba, malami na busa usur, su kuwa suna buga ƙafa suna rera waƙoƙin jarumta. In an tashi su sassaƙa bindigar kara, su rabu gida biyu, a yi ta faɗuwa ana tashi ana dariya. Maroƙa ma in sun ga mai kaki a kasuwa sai su bi shi da kirari, mazan fama, masu kwana da shiri, waɗanda ba sa ja da baya. Duk waƙar yaƙin da na sani ke nan: wadda ke sa mutum ya ji kansa ya yi girma.

A bakin fadama na ji wata iri. Ni ke kai wa Baffa abincin rana, fura ko ɗan wake a cikin akushi, don sauran yaran tsoronsa suke ji. Wata rana na iso ta bayan rake bai ji tahowata ba, sai na ji yana waƙa ƙasa-ƙasa, yana sara da fartanya, kowace sara na faɗawa kan gaɓar waƙar. Na tsaya cik da akushi a ka.

"Ruwa a sama, ruwa a ƙasa,
ƙishirwa na cin maza a tsaka.
Takalmi ya ruɓe da ƙafa,
kwarkwata ta gaje riga.
An ce da mu mazan fama,
ku zo ku ga mazan fama a rami,
kowa na kiran uwa tasa."

Ban taɓa jin an ambaci kwarkwata a waƙar soja ba. Daga ranar na koyi laɓewa. Sai in zo in tsuguna cikin rake, ƙudan zuma na kewaya ni, in saurara har ya yi shiru, sannan in yi gyaran murya in fito kamar yanzu na iso. Da haka na tattara waƙar baiti-baiti, damina guda. Babu kirarin kowa a cikinta, ba ta faɗi wanda ya yi nasara ba, ko sunan gari ɗaya da aka ci babu. Ƙananan abubuwa take lissafawa: ƙafar da ta kumbura har aka yanka takalmi kafin a zare, garin kwaki da aka jiƙa da ruwan kududdufi, wani ɗan Sakkwato da ke kwatanta musu ƙanshin furar gidansu har ya cika. Akwai baitin da in ya zo kansa sai fartanyar ta tsaya:

"Na ga yaron wancan ɓangare,
gemu bai fito masa ba.
Ban ji yaren garinsu ba,
kiran uwa ba ya son tafinta."

Ina yarinya, amma na ji tausayin wani yaro da ban san garinsu ba, wanda a wasan su Audu shi ne ake harbewa a yi shewa. Baiti na ƙarshe kuwa sau ɗaya na ji shi, kwana uku kafin zuwan Inna Daso. Na ajiye abinci na tafi, na tuna na bar gammona, na dawo, na tarar da shi zaune a kan kunya ya dafe kai yana rerawa. Na ɗauke baitin na sa a kaina kamar yadda na ɗauke sauran, ina murna waƙata ta cika.

Mu koma ranar Alhamis ɗin. Inna Daso ta je bakin ɗakin Baffa, aka yi tambayar da aka saba, aka ba da amsar da aka saba, ta dawo tsakar gida. Iya ta shimfiɗa mata tabarma kusa da ni, a inuwar rumbu, ta kawo mata ruwa, ta ce ta huta rana ta yi sanyi. Ni kuwa ga baƙuwa, ga sabuwar waƙa, ga murya. Mace ba ta niƙa da baki a rufe, waƙa ce ke jan dutse, kuma abin da aka faɗa a bakin niƙa ba a kai shi ƙara. Sai na gyara durƙuso na ɗauko waƙar Baffa tun daga farko. Na ga Iya ta ɗago tana kallona, na ɗauka daɗin muryar ne, na ƙara buɗe maƙogwaro. Inna Daso na gyaɗa kai a hankali, har ta ce, "Wayyo bayin Allah," da na zo kan yaron da gemu bai fito masa ba. Sai na shiga na ƙarshe.

"Dikko, na haƙa da hannuna,
gindin kwakwa, ƙasa mai laushi.
Ka ce in ce wa Inna ta yafe,
ka bar shanu ba ka yi sallama ba.
Saƙon ya fi jakata nauyi,
har yau ban sauke shi ba."

Wuƙar Iya ta faɗi cikin ƙwarya. Ta yunƙuro za ta rufe mini baki tana cewa, "Ke, ja'irar yarinya, wa ya aike ki?" Ni kuwa na saki ɗan dutse ina zare ido, ban san laifina ba. Ina zan san waye Dikko, sunan da ba a taɓa kira a gabana ba? Inna Daso ta ɗaga hannu ta ce, "Bar ta, Iya." Muryarta ba ta canja ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, sake ta ƙarshen. A hankali." Na sake. Ban kai ƙarshe ba na ga inuwa a kan garina. Baffa Sale ne tsaye, ya jiyo daga zaure, ya shigo har tsakar gida, abin da ba ya yi in da baƙuwa. Ya durƙusa nesa da tabarmar, gwiwa biyu a ƙasa.

Inna Daso ba ta dube shi ba. Ni ta riƙa kallo, ni ta riƙa tambaya, kamar babu kowa a wurin sai mu biyu. Ta ce, "Talatu, tambayar mini mai waƙar nan, an juya shi gabas?" Ban ma buɗe baki ba Baffa ya ce, "Ce mata na duba rana, na juya shi. Mu uku muka yi masa salla." Ta ce, "Tambaye shi, ya daɗe yana shan wuya?" Ya ce, "Ce mata da hantsi aka same shi, bai kai la'asar ba. Kansa na kan cinyata. Na ba shi ruwa ya sha, ya yi kalmar shahada." Ta ce, "To, ashe ba a yashe ya kwanta ba." Sai Baffa ya daina bi ta kaina, ya ce, "Inna, ni na ja shi. Ni na ce ya bar garke mu tafi. Duk shekara in na buɗe baki zan faɗa, sai in ga ƙwaryar da kika ɗauko, in kasa." Ta ce, "Ƙafarsa ce ta kai shi, Sale. Tun yana rarrafe ba ya zama wuri ɗaya." Ta gyara mayafinta, ta dubi bango, ta ce, "Na yafe wa Dikko, duniya da lahira." Iya ta dafe baki da hannu biyu. Shekara arba'in da sanin juna, ranar ta fara jin sunan a bakinta. Sannan Inna Daso ta juyo ta dubi Baffa ido cikin ido ta ce, "Kai ma sauke jakar haka nan."

Ba ta yi kuka ba, ai ba za ta yi a gabanmu ba. Sai ta ce da ni, "Matsa, hannunki ya gaji." Ta durƙusa a gaban dutsen ta kama niƙa. Iya ta goge ido da bakin zane ta ce, "Yau na ga ikon Allah, Bafillatana a bakin dutse. Kada ki ɓata mini gari." Ta ce, "Kaɗo, yi ta kanki." Ta sunkuyar da kai ta yi ta ja, tana wani ɗan amo a hanci da Fillanci. Mai niƙa ba a kallon fuskarta, abin da ya ɗiga a gari kuma gumi ne. Iya ta ja ni muka koma rumfa muka ba ta baya, har ta gama dawar tas. A rumfar Iya ta murɗe mini kunne ta ce, "Wannan bakin naki wata rana sai ya kai mu gaban alƙali. Yau dai ya kai mu inda ya kamata." Tuwon garin nan muka ci da dare, babu wanda ya rage.

Bayan kwana bakwai aka yi addu'a a rugar su Inna Daso. Aka dama gumba, aka yanka sa daga cikin shanun Dikko, malamai suka taru. Baffa ya je, da babbar riga, kuma da takalmi, fade ne na taya amma takalmi ne. Ba zan ce ya koma yadda aka ce yake da can ba, har ya bar duniya ba ya son ƙarar adaka. Amma ya fara zama majalisa, ya yi aure a shekarar da ta biyo, kuma in samari suka matsa masa ya ba su labarin yaƙi, sai ya rera musu waƙar nan a fili. Inna Daso ba ta daina zuwa da kaka ba, sai dai tambayar ta canja, ta koma "Sale, ya iyali?" Ni kuwa ta kawo mini 'yar ƙwarya mai zane, tana nan a ɗakina har gobe. Waƙar ba ta hana wana Audu shiga soja ba, don abin na ransa tun yana sassaƙa bindigar kara. Amma da aka ce za a tura su Laberiya, sai da ya nemi izini ya zo gida, ya durƙusa gaban mahaifiyarmu ya nemi gafara, ya bi dangi gida-gida yana sallama. Baffa ya raka shi har bakin mota, abin da ya ce masa kawai shi ne, "In ka ga wani ya faɗi, riƙe saƙonsa, kuma ka kai." Audu ya dawo da ransa, ya kuma kai saƙo biyu, ɗaya har Gaya.

Yanzu dutsen niƙan Iya na bayan ɗaki, an kife shi, a kansa nake zama in yi alwala. Inji ya karɓe niƙa, waƙar niƙa ta bi shi, 'yan mata kuma sun fi sanin waƙar cikin waya. Jikokina maza a wayar suke yaƙi, su harbe mutum ɗari kafin a sauke tuwo, babu wanda ya kira uwarsa a ciki. In na ji a rediyo an ce sojoji kaza sun kwanta dama a daji, nakan tuna Inna Daso, in ce ko wace uwa ce yanzu ke miƙewa in baƙo ya doso gida. Amma ban ɗebe tsammani ba. Jikata Safiya, wadda ke rubuta wannan da nake faɗa, ta riƙe waƙar Baffa tas, kunnena ta gado. Rannan na ji ta tana rerawa a bakin wanke-wanke, ƙanenta da ke shirin shiga soja ya ajiye wayarsa ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ta waye Dikko. Na ce ya matso kusa, ni zan faɗa masa. Saƙon da aka sa a waƙa ba ya ɓata a hanya.